Katin da Na Kife a Gaban Baffa

Shekarun baya, wajen ƙarshen shekarun casa'in, ina zaune a gidanmu na unguwar Bani Harisa a birnin Madina bayan aurena ya mutu, sai mahaifina ya gamu da ciwon shanyewar ɓarin jiki. Yau ina so in ba ku labarin wata la'asar ɗin Alhamis da na kusa sa a yanke masa hukuncin rashin hankali da hannuna, alhali ni ce na fi kowa ɗaga murya wai ina kare shi.

Ciwon ya ɗauke masa hannun dama da ƙafar dama, ya kuma ɗauke magana. Abin da ya rage a bakinsa kalma ɗaya ce, "na'am". In ka ce masa zai ci abinci, na'am. In ka ce masa ya ƙoshi, na'am. Likita ya tambaye shi ko yau Juma'a ce ya ce na'am, ya tambaye shi ko Talata ce ya ce na'am, sai ya rubuta abin da ya rubuta a takarda ya miƙa wa yayana. Rubutu kuwa dama Baba bai yi nisa a cikinsa ba, ɗan wanda ya iya ma da hannun da ya mutu yake yin sa.

Bayan wata biyar yayana ya zo da shawara. Zai je mahkama, kotu ke nan, a ba shi wilaya a kan Baba, wato a rubuta cewa tsohon ba ya cikin hayyacinsa, duk al'amuransa su koma hannun babban ɗansa. Daga nan a sayar da gidan, a ɗauke Baba da mahaifiyata a kai su kusa da shi a unguwar Aƙiƙ. Takardar likita tana hannunsa. Abin da ya rage shaida ne daga cikin dangi, kuma babu wanda alƙali zai fi yarda da shi kamar Baffa, wan mahaifina, dattijon da ya ƙare rayuwarsa yana koyar da Alƙur'ani. Baffa ya ce zai zo ranar Alhamis ya duba ƙaninsa da idonsa. In ya gamsu, Asabar da safe za su tafi mahkama tare.

Ni kuma na tayar da bala'i. Allah ya yi ni da saurin baki, wannan kowa a gidanmu ya sani. Na ce wa yayana abin da ban so in maimaita a nan. Shi kuwa, kamar yadda ya saba, ina masa Hausa yana mayar mini da Larabci.

"Ya ukhti, ma yisir, ba zai yiwu ba. Ni ke ɗauko shi a baya daga saman bene duk ranar asibiti. Wata rana za mu faɗo mu biyu. Ke me za ki yi a lokacin?"

Sai na ƙara ɗaga murya. Kuma tunda gaskiya na zo faɗa, bari in faɗe ta duka: ba don Baba kaɗai nake faɗan ba. In aka sayar da gidan, ni ma ɗakin da nake tsugune ya tafi, sai dai in koma zaman alfarma a gidan yayana. Wannan yana cikin raina, ko da yake a lokacin ko a gaban madubi ba zan amsa ba.

Kafin in kai ku ga ranar, sai na ɗan koma baya, don ku san wane irin mutum ne Baba kafin ya kwanta.

Da ƙuruciyarsa, tun kafin ya yi aure, ya tafi gabashin ƙasar ya yi aikin tuƙi a sansanin ma'aikatan mai. A can ya zauna da Amurkawa, a can kuma ya koyo wani wasan karta da yake kira "istad". Ba irin balot ɗin da samarin Madina suke yi ba ne. Yakan ba mu tarihinsa yadda shi ma aka ba shi: wai a cikin jiragen ruwan manyan kogunan ƙasarsu aka fara irin wannan wasa, sojojinsu suka yaɗa shi lokacin da suke yaƙi da junansu, wai kuma sunan daga ingarman doki ya fito, saboda wani ya taɓa ajiye dokinsa a kan wasan. In ya kai nan sai ya yi dariya ya ce shi dai bai ga dokin ba. Su Amurkawan da kuɗi suke yi. Shi ma ya yi da kuɗi na ɗan lokaci, har ranar da ya ga wani mutum ya tashi daga teburi yana kuka kamar yaro. Da ya dawo Madina ya kama tuƙin motar alhazai daga miƙatin Bi'ir Ali zuwa Makka, sai ya yi rantsuwa ba zai sake ɗora ko halala ɗaya, kwabon ƙasar, a kan karta ba. Amma wasan bai bar shi ba. Da ƙwallayen dabino ya koya mana, ni da yayana, a kan faranti, a tsakar gida.

Dokar ba ta da wuya. Kowa za a ba shi kati ɗaya a kife, shi kaɗai zai leƙa, sai a ba shi ɗaya a buɗe kowa na gani. Wanda katinsa na fili ya fi girma shi ke fara magana. Ko ya zuba ƙwallaye a tsakiya, ko ya ƙwanƙwasa faranti, ma'ana ya tsaya bai ƙara komai ba. Na kusa da shi ko ya biya daidai, ko ya ƙara, ko ya kife katunansa ya fita. Haka za a yi ta ƙara kati ɗaya-ɗaya a buɗe har kowa ya samu biyar, huɗu a fili, ɗaya a ɓoye. A ƙarshe waɗanda suka rage su buɗe. Mai biyu iri ɗaya ya fi wanda ba shi da su, biyu manya sun fi biyu ƙanana, haka dai har sama.

Baba yana da dokoki biyu nasa da yake ɗora mana. Ta farko, in abin da mutum ya nuna a fili ya fi duk abin da ke hannunka har da na ɓoye, kada ka bi shi, fita. Ta biyu, wanda ya kife katunansa ya fita, ba a buɗe masa na ɓoye, har abada. Ya taɓa make hannun yayana a kan wannan, har yau yayana yana tuna zafin.

Mahaifiyata ba ta taɓa son wasan ba. Baffa kuwa ƙin sa yake yi ƙiri-ƙiri. Sun yi shekaru suna sa-in-sa da Baba a kai, shi yana cewa ƙofar caca ce ko da tsakuwa aka yi, Baba yana cewa ƙwallon dabino bai taɓa raba kowa da gidansa ba. Da muka girma wasan ya mutu da kansa. Ni har na manta da shi.

To, ranar Litinin ɗin makon da Baffa zai zo, ina ba Baba dabino da gahawa da hantsi, raina a ɓace, ko kallonsa ba na yi sosai. Sai na ji ƙwas, ƙwas a kan faranti. Na ɗago. Ya jera ƙwallayen da ya tofar gida biyu da hannun hagu, kashi ɗaya gabansa, kashi ɗaya gabana. Ya sake ƙwanƙwasawa yana kallona.

Na ruga wajen mahaifiyata. "Inna, ina kartar Baba?"

"Wace karta? Na ƙone ta tun tuni."

"Inna, don girman Allah."

Ta dube ni ta daɗe, sannan ta tashi ta buɗe akwatinta na ƙarfe, ta zaro ta daga ƙarƙashin zannuwa, a naɗe cikin tsohon ɗankwali. Shekara kusan ashirin tana cewa ta ƙone ta.

Kwana uku muna wasa, ni da shi, ya yi mini kaca-kaca. Mutumin da ba ya iya ce maka yana son ruwa, ga shi yana lura da kowane kati da ya faɗi, yana ja na har in zuba ƙwallayena duka sannan ya buɗe. Na yi kuka, na yi dariya. Na ce shi ke nan, ranar Alhamis zan nuna musu.

Alhamis ta zo mana da rashin sa'a. Baba bai yi barcin kirki ba, ya tashi jikinsa a mace, gefen bakinsa yana zubar da yawu fiye da kullum. Bayan sallar la'asar yayana ya sauko da shi a baya zuwa majalisi, ɗakin baƙinmu na ƙasa, aka jingina shi da matasai. Baffa ya shigo da sandarsa, asuwaki a aljihun gaba, ya zauna dab da ƙaninsa ya riƙe masa hannu.

"Ɗan'uwana, ka gane ni?"

"Na'am."

"Ni wane ne? Maƙwabcinka ne?"

"Na'am."

Baffa ya sunkuyar da kai. Yayana ya ajiye takardun mahkama a kan darduma. Mahaifiyata tana zaune bakin ƙofa tana jan carbi.

Na shigo da faranti da kartar da gwangwanin ƙwallaye. Baffa na ganin abin da na ɗauko fuskarsa ta canza.

"Ke 'yar nan, mene ne wannan? A gabana? Mutum yana kwance tsakanin rai da mutuwa, maimakon ki kawo masa Alƙur'ani?"

"Baffa, ka yi mini afuwa. Ba wasa na kawo ba. Bakinsa ne ya mutu, ba kansa ba. Ka ba ni zuwa magariba. In ba ka ga komai ba, wallahi ni da kaina zan ce ka je ka yi shaidar."

Rantsuwar ta fita kafin in auna ta. Yayana ya ɗago ya dube ni. Baffa ya kalli ƙaninsa, ya ga idon Baba yana kan farantin.

"Hannuna ba zai taɓa ta ba," in ji shi. "Amma zan duba."

Na ce wa yayana ya matso a yi da shi, don kada a ce na haɗa baki da Baba. Ya ce, "Tayyib," ya zauna.

Zagayen farko ma bai yi nisa ba. Baba ya kai hannu zai leƙa katinsa na kife, yatsunsa suka ƙi, katin ya suɓuce ya faɗi a buɗe a kan cinyarsa. Ya yi ƙoƙarin ɗauka ya kasa. Yayana ya ɗauke masa a hankali, ya goge masa baki da hankici. Na ga kunya a idon Baba, irin wadda ban taɓa gani ba. Na tattara na sake rabawa.

A zagaye na biyu Baba ya samu ikka a fili, katin da ya fi kowane girma. Na ji daɗi. Ya zuba ƙwallo biyu, muka biya. Kati na uku ya sauka, yayana ya samu walad, katin nan mai hoton saurayi, ya ƙara ƙwallo uku ba tare da ya ko ɗaga kai ba. Baba ya tsaya yana kallonsa. Ya kalle shi har abin ya yi tsawo. Sai kawai ya kife katunansa ya fita.

"Me ya faru?" in ji Baffa.

Na ce, "Ya fita ne, Baffa."

"Ba ke kika ce wancan katin nasa ya fi kowane ba?"

"Haka ne."

"To?"

Yayana ya janye ƙwallayen gabansa, ya cusa katunansa cikin sauran bai nuna wa kowa ba. Na lura bai kalle ni ba, amma a lokacin na ɗauka jin daɗi ne yake ɓoyewa.

Na uku ma Baba ya fita tun da wuri. Rana ta sauka daga kan tagar majalisi. Baffa ya zaro agogonsa ya duba, ya ce, cikin murya mai taushi da ta fi tsawa tsoratar da ni, "'Yata, kin yi iyakar ƙoƙarinki. Ɗaya ya rage, sai mu tashi mu yi alwala."

Na raba. Na leƙa nawa na kife: shayib ne, mai gemun nan da wasu ke kira sarki. Na buɗe na fili, sai ga wani shayib ɗin. Biyu manya tun daga farko. A ranar da nake roƙon Allah ya ba Baba kati, ni aka ba. Baba yana da tara a fili. Kati na uku ya sauka, ya sake samun tara. Biyu iri ɗaya, kowa na gani. Ya tura ƙwallo biyar tsakiya da bayan yatsunsa. Yayana ya duba nasa ya kife.

Nan na yi kuskuren farko, kuma hannuna ne ya yi shi ba ni ba. Kafin in yi tunani na biya biyar ɗin na ƙara biyar, yadda aka koya mini tun ina 'yar shekara tara. Baba ya ɗago ido ya dube ni, ya dubi shayib ɗina na fili, ya biya. Kati na huɗu, bai samu komai ba, ya ƙwanƙwasa. Ni ma na ƙwanƙwasa. Na biyar ya sauka, shi shida, ni walad. Ya sake ƙwanƙwasawa. Saura a buɗe.

Na yi lissafi irin na mai tsoro. Baffa bai san dokar wasan ba, abin da zai gane kawai shi ne wa ya ci, wa ya faɗi. In na buɗe, Baba ya faɗi sau huɗu a jere, a tashi, Asabar a tafi mahkama, ga rantsuwata a wuyana. In na kife, tulin nan ya koma gabansa, ko ba komai Baffa ya ga ya ci sau ɗaya. Kuma na san dokarsa, ba a buɗe katin wanda ya fita. Babu wanda zai taɓa sani.

Na kife katunana huɗu a kan na ɓoyen, na yi murmushin da na ƙaƙalo.

"Ba ni da komai. Baba ya ci! Baffa ka gani? Ya cinye ni."

Na tura masa tulin ƙwallayen gabansa.

Baba ya dubi tulin. Sai ya sa bayan hannu ya watsar da shi. Ƙwallaye suka tarwatse a kan darduma, wasu suka gangara har ƙafar mahaifiyata. Wani sauti ya fito daga maƙogwaronsa, ba magana ba, ba kuka ba, jijiyar wuyansa ta tashi. Carbin Inna ya tsaya.

Yayana ya ce a hankali, "Shuf, ya ammi, duba Baffa. Ko ya ci ma bai san ya ci ba. Khalas, ya isa, a bar shi ya huta, muna wahalar da shi."

Baffa ya dafa sandarsa zai miƙe. Ni kuwa ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Na kai hannu zan kwashe kartar, sai Baba ya cafke wuyan hannuna. Ban san akwai sauran ƙarfi irin wannan a jikinsa ba. Ya ture hannun gefe, ya ja katunana da na kife zuwa gabansa. Ya baza su da ƙyar, ɗaya-ɗaya, duk a kife. Ya ɗora yatsa a kan ɗaya ya juya shi: shayib ɗina na fili. Bai yi laluben wani ba, ya san inda yake. Sannan ya lalubo na can ƙasa, wanda tun farko yake a ɓoye, ya danne shi da yatsa bai buɗe ba. Ya buga shayib ɗin, ya buga na kifen. Ya ɗaga yatsu biyu a gaban fuskar Baffa.

Baffa ya koma ya zauna. "Me yake cewa?"

Yayana ne ya amsa, kuma wannan karon da Hausa, muryarsa ta sauya.

"Cewa yake akwai wani irin wannan a ƙarƙashin yatsansa. Wai biyu gare ta."

"Ya ga katin ne?"

"Bai gani ba, Baffa. Ina zaune a nan. Ita kaɗai ta leƙa."

Baffa ya dube ni, na sunkuyar da kai. Ya zaro asuwakinsa daga aljihu, ya sa bakinsa a gefen katin. Baba ya ɗage yatsa. Baffa ya juya shi.

Shayib.

Baba ya kai hannu ya buɗe nasa na ɓoye, wani ɗan biyu ne da ba ya tsinana komai. Ya tattaro ƙwallayen da suka rage a faranti ya turo su gabana da ƙarfi, har suna zubowa a cinyata. Ni na ci, kuma sai na karɓa.

"Yaya aka yi ya sani?" Baffa ya tambaya, idonsa a kaina.

Na ce, ina kuka, "Shi ya koya mini kada in bi wanda ya fi ni a fili. Ya nuna tara biyu, na bi shi har na ƙara. Ya san ba zan yi haka ba sai in ina da abin da ya fi su. Tun a kati na uku ya gane, shi ya sa bai sake zuba ko ƙwallo ɗaya ba."

"To me ya sa kika ce ba ki da komai?"

"Tsoro na ji, Baffa. Na so ka ga ya ci."

"Wato ƙarya kika yi mini."

"Ƙarya na yi."

Sai yayana ya yi gyaran murya. Ya ce, yana kallon darduma, "Ɗazu ma da ya fita da ikka, walad biyu ne da ni, ɗaya a ɓoye. Daidai ya yi. Na san daidai ya yi, na yi shiru." Ya rufe fuskarsa da tafin hannu.

Baffa ya daɗe yana kallon mu biyu, kallon da har yau in na tuna sai na ji kunya. Sannan ya ce, "A wannan abin naku, yaya mutum yake cewa a'a?"

Na ce ya kife kati.

"Yaya yake cewa i?"

Na ce ya ɗora ƙwallo.

Ya tura kati ɗaya gaban Baba da bakin asuwakin, ya ce in ba Baba ƙwallo. Ya matso har gwiwarsu tana haɗuwa.

"Ɗan'uwana, ni maƙwabcinka ne?"

Bakin Baba ya ce, "Na'am." Hannunsa ya kife katin.

Baffa ya sake buɗe katin da asuwakin. "Ni wanka ne, uwa ɗaya uba ɗaya?"

Baba ya ɗora ƙwallo. Baffa ya yi masa tambaya wajen shida, wasu na gaskiya wasu na gwaji, har da sunan garin da kakanmu ya baro ya taho aikin hajji da ƙafa. Hannun bai yi kuskure ko sau ɗaya ba. Daga nan ya ɗauko takardar mahkama ya shimfiɗa a kan faranti, ya yi masa bayaninta dalla-dalla da Hausa, bai rage komai ba, har da maganar benen da wahalar da yayana yake sha. Ya ce, "Ka yarda a sayar da gidan?"

Baba ya kama gefen takardar da yatsu biyu. Ta suɓuce, ya sake kamawa. Babu wanda ya taimaka masa, mun koyi hankali. Ya juya ta ya kife, ya danna tafin hannunsa a kai.

Baffa ya ce, "Ka yarda a sauko da kai nan ƙasa, a mayar da majalisin nan ɗakinka, yaron nan ya huta da ɗaukarka?"

Ya ɗora ƙwallo. Ya ƙara wani a kai, yana kallon yayana. A nan ne yayana ya fashe da kuka, ya faɗa kan ƙafar Baba yana cewa, "Samihni, ya abuya, samihni," wato ka yafe mini, Baba. Ana haka aka kira magariba.

Da Baffa zai fita, ya tsaya a bakin ƙofa ya ce mini, "Ra'ayina a kan karta bai canza ba. Amma kada ki mayar da ita akwati."

Ba a je mahkama ba. Ni kuwa hukuncina daban aka yanke mini. Washegari na kawo faranti ina fara'a, ina jin ni ce gwarzuwar gida, Baba ya karɓi kartar ya kife ta gaba ɗaya ya juyar da kai. Haka jibi, haka gata. In yayana ya zo sai ya yi wasa da shi a gabana, ni ina zuba musu gahawa kamar baƙuwa. Kwana tara ya yi yana hora ni. A na goma na durƙusa na ce, "Baba, na tuba, ba zan sake bar maka ba." Ya dube ni, ya ƙwanƙwasa faranti.

Na daɗe ina juya abin a raina. Kwana da kwanaki ina zagin yayana cewa ya mayar da mahaifinmu kamar yaro, amma da aka zo wurin da ya kamata in amince da hankalin tsohon, ni ma abin da na yi ke nan. Shi da takarda ya so ya yi, ni da tausayi na yi, kuma ban tabbata wanne ya fi yi wa Baba ciwo ba. Mutumin da ya yi shekara da shekaru bai buɗe katin wanda ya fita ba, ranar ya yarda aka buɗe, ya zaɓi ya faɗi a gaban wansa da 'ya'yansa a kan a ba shi cin da ba nasa ba. Da ya karɓi tulin nan ya yi shiru, da Asabar ta same mu a mahkama.

Yanzu in na je duba marar lafiya na ga ana magana a kansa yana zaune, ana cewa "ya ci abinci?" alhali ga shi nan yana ji, sai in ji wuyan hannuna yana zafi. Nakan matsa kusa in tambaye shi shi da kansa, in jira, ko da amsar za ta daɗe.

Baba ya ƙara shekara huɗu a majalisin nan, a gidansa. Kusan kullum bayan la'asar sai mun baza faranti. Wani lokaci ya cinye ni, wani lokaci in cinye shi har gwangwaninsa ya koma wayam, ya harare ni, gefen bakinsa mai rai yana murmushi. Har ya koma ga Allah ban sake bar masa ko ƙwallo ɗaya ba.